Kifin Jirgi Mai Lamba 362

Sansanin jiragen yaƙi, lardin Gangwon
14 ga Oktoba, 2007

Baba Babba,

Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan sanyin tsibiri bai fara taɓa muku gwiwa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki. Mama ma lafiya. Kaka ce dai sai a hankali, ƙafafunta sun kumbura, abinci kuma sai an yi da gaske take cin cokali uku. Bakin dai yana nan yadda kuka san shi.

Na san za ku yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabonmu da haɗuwa tun ranar da aka maƙala mini anini. Na buga waya sau biyu, maƙwabciyarku ta ce ko an miƙa muku ba ji za ku yi ba, ƙarar injin jirgi ta cinye kunnuwan tun tuni. Shi ya sa na koma takarda.

Ga abin da ke tafe da ni. Ranar ashirin ga Disamba za a yi wa ƙananan jiragen kai harin nan ritaya gaba ɗaya, waɗanda ku makanikai kuka sa wa suna Masu Fito saboda kukan injinsu. Wasu za a yanka, wasu a raba wa makarantu. Naku, mai lamba 362, an zaɓe shi a ɗora a kan ginshiƙi a bakin ƙofar sansani, kuma ni aka ba aikin shirya shi. Zan cire injinansa biyu, in zuƙe mai, in liƙe kowace kafa yadda ko tsuntsu ba zai samu wurin sheƙa ba. Sannan in rubuta tarihinsa a allon ƙarfe, kalma ɗari da hamsin kacal, alhali littattafansa sun cika kwali huɗu. Ya yi yaƙin Vietnam a ƙarƙashin wata tuta kafin ya zo mana a 1976. Ya yi awa dubu tara da ɗari huɗu a sama, an sake masa fukafukai sau ɗaya. Daga 1977 zuwa 1989 sa hannunku ne a ƙasan kusan kowane shafi: Pyo Dalsu, shugaban makanikan jirgi. Sunan Baba kuwa, matuƙi Pyo Dalho, a watan Afrilun 1982 na fara cin karo da shi.

Kuskurena shi ne na ba Kaka labarin nan da na je hutun bikin girbi na Chuseok. Ta ajiye cokali ta ce, "To kifina fa?" Na ce wane kifi? Ta ce, "Ke da kike wuni a cikin jirgin ba ki sani ba? Busasshen kifin da na naɗe da farin zare na ba Dalsu ya sa a jirgin ubanki. Ko sabuwar motar haya ana sa mata don tsari, balle abin da ke tashi sama." Ta ce kun tabbatar mata kun ɓoye shi inda ba mai gani. Tana so a ciro mata shi ta ɗora a teburin abincin da ake shiryawa duk shekara don tunawa da rasuwar Baba, wanda bana ya faɗo sha shida ga Disamba a lissafin wata, daga nan ta ƙone shi. Ta ce shi ne teburi na ƙarshe da za ta shirya, likita kuma bai musa mata ba.

Na san tun rasuwar Baba ba doguwar magana tsakaninku da Kaka. Ban taɓa shiga ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Tambayata ɗaya ce: a wace kafa yake? Ranar talatin ga Nuwamba za mu liƙe jirgin, daga nan ko Janar ba zai iya buɗe shi ba.

'Yarku,
Aran

*

Tsibirin Ulleung
23 ga Oktoba

Aran,

Takardarki ta iso. Lafiyata lau, gwiwa dai tana riga rediyo faɗa mini za a yi ruwa. Kunne ba ya ciwo, ji ne kawai ba ya yi, kuma a garejin da nake gyara wa masunta inji ba a faɗin abin da ya cancanci a ji. Ki gaida mahaifiyarki. Inna kuwa, kakarki, ki matsa mata ta ci abinci, amma kada ki ce ni na ce, sai ta ture kwanon.

Ashe 362 zai hau ginshiƙi. Jirgin da ko tsani ba a sa masa, ɗaga ƙafa kawai ake yi a shiga, yau shi za a riƙa ɗaga kai ana kallo. Kalma ɗari da hamsin ba za ta ishe ki ba, don haka kada ki ɓata ta a kan awoyi. Ki shiga ƙarƙashin fiffikensa na dama, kusa da jiki, ki shafa da hannu, za ki ji faci uku. Harsasan Vietnam ne. Da aka sake fukafukai ni na hana a taɓa wannan gefen. Injinsa na hagu ya fi na dama shan mai tun ranar da ya zo, injiniyoyi uku sun yi rubutu a kai, ba wanda ya gano dalili. In ana sanyi sai an lallaɓa shi kamar tsohon jaki.

Ki rubuta cewa ubanki ya iya shi. Ƙanena ne da shekara shida. A gida shi ke zuba mini giya da hannu biyu, in zai sha tasa ya kau da kai. A filin jirgi kuwa ni ke ƙamewa in sara masa in ce, "Jirgi a shirye yake, Yallaɓai." Sai ya sara, ya matso kamar yana duba taya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yaya, hularka ta karkace." Kullum sai ya faɗa, ko da hular tana zaune daidai.

Maganar kifi kuwa, ki bar ta. Kada ki kwance ko ƙusa ɗaya saboda ita. Ki je kasuwa ki sayi busasshen kifi, ki naɗe shi da zare, ki rataya kusa da hayaƙin janareta kwana uku, ki kai mata. Idonta ba ya gani sosai. Ke hafsa ce, kin san abin da ake yi wa wanda ya bar baƙon abu a cikin jirgi.

Na haɗo miki da alewar kabewa, ta wurinmu ce. Ki raba wa mutanenki.

Babanki Babba

*

Sansani
4 ga Nuwamba

Baba Babba,

Ina gaisuwa. Alewa ta iso, makanikaina sun gode, Saje Manjo ya ce ta kusa tafiya da haƙorinsa na roba. Ina lafiya. Kaka ta daina fita tsakar gida, yanzu daga shimfiɗa take ba da umarni.

Ku gafarce ni, amma shawararku ba ta ɗauku ba. Na ɗan taɓa ta da tambaya, na ce ta yaya zan gane kifinta in na gan shi? Ta ce, "Ƙulli bakwai na yi masa da hannuna, irin ƙullin mutanen garinmu. Ko a makance na san zarena. Kada ki kuskura ki kawo mini na kasuwa, ba yau aka haife ni ba." Kun ga ke nan ta riga mu.

Layin ƙarshen maganarku na karanta shi ya fi sau biyar, kuma ya ba ni haushi. Eh, na san hukuncin wanda ya bar baƙon abu a jirgi. Na kuma san sunanku zai hau allon nan a matsayin wanda ya riƙe jirgin shekara goma sha biyu ba hatsari ko ɗaya. In tsoronku shi ne in samo kifin a goge sunan, to ku kwantar da hankalinku. A aljihu zan sa shi in fita, ba wanda zai ji. Ban yi zaton suna a jikin ƙarfe zai fi muku tsohuwar da ke kwance ba.

Ban jira ba. Murafen jikin jirgin guda casa'in da shida ne, na buɗe arba'in da ɗaya da sunan binciken tsatsa. Ban ga komai ba.

Wani abu kuma. Jiya na kai shafin sha biyar ga Disamba, 1988. Na daɗe ina kewaye shi kamar yadda ake kewaye rami. Rubutunku ne, layi biyu. Na farko, ƙarfe bakwai saura ashirin na safe: "An hana tashi, sifana mai lamba bakwai ba ta cikin akwati." Na biyu, ƙarfe ɗaya da kwata na rana: "An samo ta a wajen jirgi." Tsakanin layukan nan biyu Baba ya ɗauki wani jirgin, mai lamba 371, gajimare ya rufe duwatsu, bai dawo ba. Lokacin ina da shekara bakwai, amma ban manta abin da Kaka ta faɗa muku a gaban mutane ba: "Kai ka sauke shi daga jirgin da ke da tsari, ka tura shi wanda ba shi da komai."

Yanzu da nake wannan aikin, ina so ku sani cewa daidai kuka yi. In sifana ta ɓace, jirgi ba ya tashi sai an gan ta, ko da Shugaban Ƙasa ne ke jira. Ni ma haka zan yi. Shi ya sa na kasa gane abin da ya hana ku taimaka mini yanzu. Kuma ina ne "wajen jirgi"? Ku da kuke cika shafi guda a kan noti ɗaya, a nan kalma biyu kuka bari.

Ina jiran amsa.

Aran

*

Sansani
18 ga Nuwamba

Baba Babba,

Ina gaisuwa, da fatan lafiya ce ta sa shirun. Sati biyu ke nan ba amsa. In maganata ce ta yi zafi, ku yi haƙuri, amma ban janye ta ba.

An kwantar da Kaka a asibiti ranar Talata, ruwa ya taru mata a huhu. Mama ce ke jinyarta. Da na je, ko gaisuwata ba ta amsa ba sai da ta dubi hannuna ta ga ba komai. Ta ce, "Ke ma kin zama sojan gwamnati, sai gobe, sai jibi."

Na buɗe murafe casa'in da shida duka. Na sa fitila da madubi a hanci, a wutsiya, a ramin tayoyi, a bayan kujeru. Tsaf yake kamar kwanon da aka wanke. Shugabana, Manjo, ya kira ni ofis ya tambaye ni ko tsatsar da nake nema ta zinariya ce. Ya ce mako ɗaya na cinye a jadawali, kuma in na ƙara taɓa abin da ba ya cikin takardar aiki zai rubuta a fayil ɗina. A watan Maris ake duba masu hawa Kyaftin, ya san na sani.

Na sake karanta wasiƙarku, sai na ga ashe kun faɗa mini ban gane ba. Faci uku a ƙarƙashin fiffiken dama, kusa da jiki. Kun ce in shafa da hannu, kun ce ku kuka hana a taɓa wurin. Shi kaɗai ne ya rage ban buɗe ba, don ba murfi ba ne, ƙusoshin dindindin ne, sai an huda su da na'ura. Ba za a ba ni izini ba, ni ma ba zan nema ba. Ranar ashirin da tara, jajibirin liƙewa, zan huda su da kaina. In akwai abin da ya kamata in sani kafin nan, ku faɗa.

Aran

*

Tsibirin Ulleung
13 ga Nuwamba

Aran,

Takardarki ta huɗu ga wata ta iso. Ina lafiya. Ba ki yi mini rashin kunya ba, kin dai yi kuskuren dalili. Ba sunana nake tsoro a goge ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga yadda abin yake.

Babu kifi a cikin 362. Bai taɓa shiga ba, ko na minti ɗaya.

Ranar da Inna ta ba ni shi na karɓa da hannu biyu na ce to. A hanya na san ba zan sa ba. Jirgin nan cike yake da wayoyi da igiyoyin ƙarfe da ke juya fukafukai, ƙaya ɗaya ta kifi in ta shiga inda ba a so ta isa ta kashe mutum. Ni da nake sa ƙarti su yi rarrafe suna neman kan ƙusa, ba zan ɗaura kifi kusa da ƙafar ƙanena ba. Amma ban iya duban idonta in faɗa ba, sai na ce na sa. Ubanki ma haka ya sani har ya mutu. Wani lokaci in zai hau yakan bubbuga hancin jirgin ya ce, "Kifin Inna, a riƙe ni da kyau."

A kabad ɗina na canza kaya na rataye shi. Ban yarda da irin waɗannan abubuwa ba, ko a lokacin. Duk da haka, duk ranar da sunansa ke kan allon tashi, sai na buɗe kabad ɗin na taɓa kifin kafin in fita. Shekara shida ban fasa ba. Kada ki tambaye ni dalili, ban da shi.

Safiyar ranar na gama ɗaure wani bututu a injin hagu, na komo da sifana a hannu don in taɓa kifin, don na manta ban yi ba da farko. Sai na tarar zaren ya warware, kifin yana reto. Raina bai so ba. Na ajiye sifanar a kan rigunana, na naɗe zaren, na ƙulle. Ana haka aka kira ni a lasifika, na rufe kabad na fita da gudu. Da aka zo ƙirgar kayan aiki, gurbin lamba bakwai babu kowa. Na rantse da raina a jirgi na bar ta, tunda can na yi aiki da ita. Na ja jan layi a littafi.

Ubanki ya zo da hularsa a hammata. Na sara masa na ce, "Jirgi ba zai tashi ba, Yallaɓai." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, tsufa ne ya fara?" Ya dubi allo ya ga 371 ba kowa, ya tafi. Ranar bai ce komai a kan hulata ba.

Mun kwance rabin jirgin muna nema. Ƙarfe tara da rabi aka ce an daina jin sa a rediyo. Ƙarfe ɗaya na je ɗauko rigar sanyi don in bi masu hawa dutse nemansa, na buɗe kabad, ga ta a kwance a ƙarƙashin kifin. Wannan shi ne wajen jirgi.

Masu bincike sun ce gajimare ne, kuma 371 lafiyarsa ƙalau. Sun ce ko da 362 ya tafi abin da zai faru ke nan. Wataƙila. Amma neman wani jirgin ya ci masa minti ashirin da biyar, kuma gajimaren dutse ba ya tsayawa wuri ɗaya minti ashirin da biyar. Wannan lissafin na yi shi ya fi sau dubu, bai taɓa ba ni amsa ɗaya ba.

Da Inna ta faɗi abin da ta faɗa a gaban mutane, ban musa ba. Ta samu dalilin da za ta riƙe, cewa tsarinta yana aiki, ni ne na raba shi da shi. Na ga in na karɓe mata wannan, ba abin da zan ba ta a madadinsa sai sifana. Wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin, tsoro na ji. Na ƙara shekara guda na ajiye aiki na zo nan, inda jirgin ruwa ɗaya ne a rana.

24 ga Nuwamba

Abin da ke sama na rubuta shi na sa a aljihu kwana biyar, ina wuce gidan waya kamar ban san shi ba. Da na yi niyya kuma teku ta tashi, kwana shida ba jirgi. Yau ya zo, ya kawo takardarki ta sha takwas. Kada ki huda facin nan. Babu komai a bayansu sai ramin harsashi, na faɗa miki ne don ki sa a allo. Kada ki zubar da aninin Kyaftin a kan ƙaryata.

Kifin yana cikin kwalin nan, na naɗe shi da tawul, ki ɗauka a hankali don ya yi fata-fata da tsufa. Ki ce mata a hancin jirgi kika same shi, ko ki faɗa mata gaskiya. Ke ce 'yar mamacin, hakkinki ya fi nawa. Ki yafe mini in kin iya, in ba ki iya ba ban ga laifinki ba.

Dalsu

*

Asibiti, ɗakin Kaka
6 ga Disamba

Baba Babba,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Kaka ta ɗan samu sauƙin numfashi, likita ya yarda a kai ta gida kwana biyu saboda teburin Baba.

Kwalinku ya iso ranar ashirin da bakwai. A ƙarƙashin fiffiken na karanta wasiƙar, na'urar hudawa tana cikin jakata. Ban ba da amsa ba sai yau, don abin da zan rubuta a makon farko bai dace 'ya ta rubuta wa wan ubanta ba. Na ji haushinku ƙwarai. Na tsane ku kwana uku cur. A rana ta huɗu na tsaya ana ƙirgar kayan aiki da yamma, ina kallon hannun Saje Manjo yana bin gurabu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ba wanda ke cikin rumfar nan da bai taɓa ajiye sifana inda ba wurinta ba, har da ni. Mu dai tamu ba ta zo da gajimare ba. Ban ce ya wuce ba, amma ya daina hana ni cin abinci.

An liƙe 362 ranar talatin, ban huda komai ba. A allo na sa facin uku, na sa injin hagu, na sa sunayenku ku biyu a layi ɗaya. Manjo ya ce ba a haɗa hafsa da makaniki a layi ɗaya, na ce masa kalmomi ne suka ƙare.

Ranar Lahadi na kawo wa Kaka kifin, kuma da niyyar ƙarya na shigo. Na ce a hancin jirgi yake. Ba ta ko dube shi ba, ta ɗora a ƙirji tana bin zaren da yatsa, bakinta yana motsi. Ta kai ƙarshe ta sake komawa farko. Sai ta ce, "Takwas." Ta ce, "Bakwai nawa ne. Wannan na ƙarshen ƙullin makaniki ne, an ja shi kamar za a ɗaure saniya." Ta kai shi hanci ta shinshina ta ce, "Shekara ashirin da biyar a cikin jirgi, amma warin teku yake yi. Aran, ubanki ma bai iya ƙarya ba, ke a ina za ki koya?"

Na fito da wasiƙarku na karanta mata duka, ban tsallake layi ba. Ta juya fuska bango. Har na tafi ba ta juyo ba, Mama ta ce washegari ma haka, ko ruwa sai da aka yi ta roƙo. Na ɗauka na kashe ta da hannuna. Ranar Talata ta aiki Mama kasuwa, ba ta faɗa mini abin da za a sayo ba. Yau da na zo ta ce in ɗauko biro. Abin da ke ƙasa bakinta ne, ta hana ni gyara ko kalma ɗaya.

"Dalsu, mai taurin kan tsiya. Shekara goma sha tara ka bar ni ina zaginka a kan laifin da ba shi ka yi ba. Yanzu sai in faro sabon zagi, ga shi ba ni da lokaci. Maganar sifana ban yafe ba tukuna, ka zo ka ji da kunnenka. An ce ba ka ji, to ka zo ka kalli bakina.

"Amma kwana biyun nan na yi nawa lissafin. 'Ya'ya biyu na tura sansanin nan, kifi ɗaya na saya. Mai tashi sama na gani, shi nake wa tsoro, shi nake faɗa wa maƙwabta. Wanda ke tsayawa a gaban wutar inji tun asuba har kunnensa ya mutu, ban taɓa tunanin shi ma yana buƙatar tsari ba. Na miƙa maka na ƙanenka ka karɓa da hannu biyu, ba ka ce ni fa ba. Kai ba ka faɗa ba, ni ban lura ba, uwa ce kuwa ya kamata ta lura.

"Na sa an sayo wani. Kwana biyu ina naɗa shi, yatsun nan sun zama itace, ƙulli uku kawai na iya. Naka ne. Ba zan ba gidan waya ba, in kana so ka zo ka karɓa. Kuma kai ne babba, kai ya kamata ka fara zuba wa ƙanenka giya a teburi, na gaji da aron surukai."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta koma barci da zaren a hannu. Teburin ranar sha shida ne. In kun zo zan tarye ku a tashar jirgin ruwa, ranar ashirin kuma in kai ku ku ga 362 a kan ginshiƙinsa. Likita ya ce kada a yi dogon shiri.

'Yarku,
Aran

*

Tsibirin Ulleung
10 ga Disamba

Aran,

Takardarki ta iso da rana. Ina lafiya. Na rufe gareji, na ƙirga kayan aiki sau biyu, sun cika.

Zan hau jirgin ruwan Alhamis, wataƙila ma in riga takardar nan isowa. In teku ta tashi, akwai masuncin da na gyara wa inji, ya ce zai tsallakar da ni ko ana ruwan duwatsu. Ki zo da biro da takarda, don in ta fara zagin kada wani ya wuce ni.

Ki gaya wa Inna kada ta wahalar da yatsunta a kan ƙulli huɗun da suka rage. Ta jira ni. Ni zan riƙe mata bakin zaren, ita ta ƙulla.

Dalsu